Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Tanadin Gida a Makon da Jihar Teksas Ta Daskare

Da misalin ƙarfe 1:25 na dare, wayewar garin Litinin 15 ga Fabrairun 2021, hukumar ERCOT, mai kula da layin wutar lantarki na mafi yawan jihar Teksas a Amurka, ta umarci kamfanonin rarraba wuta su fara yanke wa jama'a. An shaida wa mutane cewa karɓa-karɓa za a yi: a ɗauke wa wannan unguwa na ɗan lokaci, a mayar mata, a ɗauke wa waccan. Sai dai tashoshin samar da wutar suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda sanyi, har abin da aka yanke ya kai megawat 20,000, babu sauran wutar da za a yi karɓa-karɓar da ita. Wanda aka ɗauke masa, an ɗauke ke nan. Gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 4.5 ne suka shiga duhu, kuma daga baya shugabannin hukumar suka bayyana cewa saura minti 4 da daƙiƙa 37 layin gaba ɗaya ya durƙushe, wanda da sai an yi makonni ko watanni kafin a tayar da shi.

An yi ta ce-ce-ku-ce a kan mai laifi, tsakanin rijiyoyin iskar gas da suka daskare, da tashoshin da ba a yi musu shirin sanyi ba duk da irin wannan ya faru a 2011, da kuma yadda layin jihar yake ware daga na sauran ƙasar. Wannan nazarin ya bar waccan muhawara, ya shiga cikin gida: kicin, sito, banɗaki. Me mutane suka ajiye, wanne ya yi musu rana, wanne kuma ya zama kayan kallo?

Ba a ce ba a yi gargaɗi ba

Sanyin bai zo bagatatan ba. Tun ranar 11 ga wata motoci 133 suka yi karo a kan babbar hanyar da ta ratsa Fort Worth saboda santsin ƙanƙara, mutum 6 suka rasu. Washegari gwamna Greg Abbott ya ayyana dokar ta-ɓaci a dukkan gundumomi 254 na jihar. Ke nan akwai kwana uku tsakanin gargaɗi da ɗaukewar wuta. Mutane sun je kantuna, sun yi sayayya irin wadda aka saba in an ce za a yi kwana biyu ba a fita: burodi, madara, ƙwai, nama. Sayayya ce ta wanda yake zaton hanya ce kawai za ta toshe, amma firji zai ci gaba da sanyi, murhu zai kama, famfo zai kawo ruwa.

Gidajen ma ba su taimaka ba. Teksas ƙasar zafi ce, an gina gidajenta don su fitar da zafi. Bututun ruwa sau da yawa ta cikin rufi ko bangon waje yake bi, ba tare da an naɗe shi da komai ba. Kusan gida shida cikin goma da lantarki suke ɗumama ɗaki. Ranar 16 ga wata ma'aunin sanyi a yankin Dallas ya sauka zuwa digiri 19 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, a Houston kuma 11 ƙasa da sifili. Birnin Austin ya yi kwana shida cur bai haura matakin daskarewa ba.

Binciken da Jami'ar Houston ta gudanar bayan abin ya lafa ya nuna kashi 69 cikin 100 na mazauna yankin ERCOT sun rasa wuta, na tsawon sa'a 42 in aka yi matsakaicin lissafi. Kashi 49 sun rasa ruwan famfo, na sa'a 52. Kashi 75 sun sha wuya wajen samun abinci da kayan masarufi. A lura da abu ɗaya: rashin ruwa ya fi rashin wuta daɗewa.

Ruwa

Mai buɗe famfo ba ya tunanin cewa lantarki ne ke tace ruwan, shi ne kuma ke tura shi. Ranar 17 ga wata babbar matatar ruwan Austin ta rasa wuta. Kafin nan ma tankunan birnin sun fara ƙarewa, domin bututu na ta fashewa a gidaje da kan tituna, ga shi kuma kowa ya bar famfonsa na ɗiga, kamar yadda aka ba da shawara, don kada ruwan ciki ya daskare. Shawara ce mai kyau ga gida ɗaya. Da dubban ɗaruruwan gidaje suka bi ta lokaci guda, ita ma ta taimaka wajen zuƙe tankunan.

Idan ƙarfin ruwa ya ragu a cikin bututu, datti na iya shiga ta inda ya tsage, shi ya sa hukumomi ke umartar a tafasa kafin a sha. A ƙololuwar matsalar mutum fiye da miliyan 14, kusan rabin jama'ar jihar, suna ƙarƙashin irin wannan umarni ko kuma ruwansu ya yanke. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: an ce wa mai murhun lantarki ya tafasa ruwa, alhali babu wuta.

A nan ne lissafi yake da amfani. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta daɗe tana cewa a ajiye galan ɗaya, kimanin lita 3.8, ga kowane mutum a kowace rana, na kwanaki da dama, kuma abin da akasari aka riƙe shi ne kwana uku. Gida mai mutum huɗu zai buƙaci lita 15 a rana, lita 45 a kwana uku. Umarnin tafasa ruwa a Austin ya fara ranar 17, ba a gama janye shi ba sai ranar 23. Kwana shida ke nan, wato lita 90 ga wannan gidan. Wanda ya bi shawarar kwana uku sau da ƙafa, ruwansa ya ƙare a tsakiyar tafiya. A ganina wannan shi ne babban abin da makon ya nuna: kwana uku lissafi ne na lokacin da ake sa ran agaji zai iso, kuma agaji ta hanya yake zuwa. Idan bala'in ya rufe jiha guda mai faɗin Teksas, babu maƙwabcin gari mai lafiya da zai aiko da mota. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta fi kusa da gaskiya da take cewa a yi ƙoƙarin ajiye na mako biyu, kodayake lita 210 ba ƙaramin wuri za ta ci ba.

Sannan akwai ruwan da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, na masai. Masai na zamani a Amurka yana cin kimanin lita 6 a duk kori ɗaya. Mutum huɗu, kowa ya kora sau biyu kacal a rana, lita 48 ta tafi, fiye da ninki uku na ruwan shansu. Babu mai hankalin da zai zuba ruwan roba a masai, don haka aka ga mutane da bokitai suna ɗebo ruwa daga wuraren ninƙaya, wasu suna narkar da dusar ƙanƙara. Ita kuwa dusar ƙanƙara yaudara ce, iska ta fi yawa a cikinta: bokiti cike in ya narke da ƙyar ya ba ka kashi ɗaya cikin goma, ga shi narkarwar na cin makamashin da ake tattali. Wanda ya cika bahon wankansa ranar Lahadi, tun famfo na kawowa, ya samu fiye da lita 100 ba tare da ya kashe dala ɗaya ba.

Ruwa iri biyu ke nan gida yake buƙata, kuma kowanne da inda ake ajiye shi. Na sha yana son jarka mai tsabta mai murfi, a canja shi duk wata shida in daga famfo aka tara. Na kori da wanke-wanke kowane mazubi ya isa.

Wani abin takaici shi ne gidaje da yawa suna da tankin ruwa a ciki ba a tuna da shi. Tukunyar ɗumama ruwan wanka ta gidan Amurka tana ɗaukar lita 150 zuwa 190. Ana kashe wutarta ko gas ɗinta, a rufe inda ruwa ke shiga, a buɗe famfon ruwan zafi a wani wuri don iska ta shiga, sai a tsiyaye ta ƙasa. Haka nan ƙaramar kwalbar bilic (sinadarin wanke fararen kaya) marar turare na iya tsayawa a madadin tafasawa: ɗigo 8 na mai ƙarfin kashi 6 a galan ɗaya, a juya, a bari minti 30, a ninka idan ruwan ya yi duhu-duhu. Bilic ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire sinadari, saboda haka ruwan wurin ninƙaya na masai ne har kullum. Yana kuma rage ƙarfi in ya daɗe a ajiye, don haka kwalbar da ta shekara ba abar dogaro ba ce.

Abinci

Gidaje da yawa da suka kwana da yunwa a wannan makon ba su rasa abinci a sito ba. Abincin ne ba ya ciwuwa sai an bi ta kan abin da babu. Busasshen wake yana son jiƙo da dahuwar fiye da sa'a guda. Shinkafa tana shan ruwa ninki biyu na yawanta. Taliya tana son tukunya cike da ruwa wanda za a tsiyaye a zubar. Abincin firiza da aka saba jefawa a na'urar ɗumama abinci ya zama dutse. Duk waɗannan su ne ake fara ambata in ana maganar tanadi, domin suna da araha kuma suna daɗewa, kuma gaskiya ne su ne maganin rashin kuɗi ko tsadar kaya. Rashin wuta da ruwa kuwa wata cuta ce dabam.

Abin da ya yi aiki shi ne wanda ake buɗewa a ci: kifi da nama da wake na gwangwani, miyar gwangwani ko da sanyinta, man gyaɗa na shafawa, biskit, busassun 'ya'yan itace, madarar kwali mai daɗewa ba firji. Gwangwani yana da wata fa'ida da ba a cika kula da ita ba, wato yana zuwa da ruwansa, kuma ba ya barin tukunyar wankewa. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce mai tsami, irin tumatir da 'ya'yan itace, yana riƙe ingancinsa wata 12 zuwa 18, marar tsami kuma irin nama da kayan lambu shekara 2 zuwa 5. Wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa mai zurfi ko ya lotsa a bakin murfi, na shara ne. Sai mabuɗi. Gidan da mabuɗin gwangwaninsa na lantarki ne, to sitonsa a kulle yake.

Masu murhun gas sun fi samun sauƙi, in dai gas ɗin bai yanke ba. Abin kunna shi na lantarki ne, amma kan murhun yana kamawa da ashana. Kwalin ashana ɗaya ne ya raba gidan da aka sha shayi mai zafi da gidan da ba a sha ba.

Batun firji kuma ya zo da abin dariya mai ɗaci. Ƙa'ida ita ce firji a rufe yana riƙe sanyi sa'a 4, firiza cike sa'a 48, rabi kuwa sa'a 24, kuma nama ko madarar da ta wuce sa'a 2 sama da digiri 4 ba a cin ta. A Teksas waje ya fi firji sanyi, sai mutane suka riƙa fitar da abinci suna binnewa a dusar ƙanƙara. Hukumomin abinci ba sa son haka, domin rana na iya narkar da shi ko da iska na da sanyi, ga dabbobi. Dabarar da ta fi ita ce a bar robobin ruwa a waje su daskare, a shigo da su a sa cikin firji ko kula. An samu ƙanƙara kyauta, in ta narke kuma ga ruwa.

Kantuna ba su iya cike giɓin ba. Babban kanti ba ya ajiye kaya mai yawa a bayansa, manyan motoci ne ke cika shi kullum, su kuma sun tsaya saboda santsi. Wasu rassa sun rufe, wasu sun zubar da kayan firjinsu. H-E-B, kamfanin kantunan da ya fi shahara a jihar, ya taƙaita awannin buɗewa ya kuma iyakance yawan ruwa, madara, ƙwai da burodin da mutum zai saya. A reshensa na garin Leander wuta ta ɗauke ana cikin layi, na'urorin karɓar kuɗi suka mutu, sai ma'aikatan suka bar mutane suka fita da kayansu ba su biya ba. Labarin ya bazu saboda karamcin, amma yana kuma nuna cewa katin banki ba kuɗi ba ne in babu lantarki. A daidai lokacin da kantuna ba madara, masu kiwon shanu suna zubar da tasu, saboda masana'antun sarrafa ta ba wuta ba gas.

Ɗumi, da abin da ya kashe mutane

Ma'aikatar lafiya ta jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 246. Sanyi kai tsaye ya kashe 161. Wasu 25 cutar da suke fama da ita ce ta tsananta, 22 haɗarin mota, 19 iskar kabon monoksayid (iska mai guba da ke fita in gawayi ko mai na ci), 10 gobara, 9 kuma faɗuwa. Babu yunwa a jerin. Mutum na iya yin kwanaki bai ci ba, amma dare ɗaya na sanyi ya isa ya kashe tsoho ko jariri. Saboda haka sito mai cike da gwangwani babu bargo mai kauri, tanadi ne da aka fara daga wutsiya.

Mutuwar kabon monoksayid ce ta fi taɓa batunmu, domin kayan tanadin ne da kansu suka yi kisan. Mutane sun shigo da murhun gawayi na gasa nama cikin falo, sun kunna janareta a gareji, sun zauna cikin mota tana aiki ƙofar gareji a rufe don su ji ɗumi su yi cajin waya. A Houston wata mata da ƙaramar yarinya sun rasu ta wannan hanya ta ƙarshe. Fiye da mutum 1,400 aka kai sashen gaggawa a faɗin jihar saboda shaƙar wannan iska. Iskar ba ta da launi ba ta da wari, alamunta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, waɗanda mai jin sanyi da gajiya zai ɗauka mura ce ya je ya kwanta. Janareta wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. A lokacin jihar ba ta da doka ta bai-ɗaya da ta tilasta sa na'urar gano wannan iska a gidaje, alhali mai batir ba ta kai kuɗin sayayyar mako ɗaya ba.

Hanyar da ta fi aminci ba ta buƙatar wuta ko kaɗan: kowa ya taru a ɗaki ɗaya ƙarami, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a rufe tagogi da barguna, a sa tufafi kala-kala a jere maimakon ɗaya mai nauyi. Wasu sun kafa tanti a tsakiyar ɗaki suka kwana ciki, kuma dabara ce mai kyau, domin ɗumin jiki yana cika ƙaramin wuri.

Waɗanda jerin gama-gari bai san da su ba

Duk jerin kayan tanadi ana rubuta shi ne don baligi mai lafiya. Jaririn da ke shan madarar gari yana buƙatar tsaftataccen ruwa sau da yawa a rana, da na wanke kwalba, shi ya sa madarar da aka riga aka dama a kwalba take da daraja a irin wannan mako. Mai ciwon suga ya saba tsoron kada insulin ɗinsa ya yi zafi, sai ga shi a Teksas tsoron ya koma na daskarewa, domin wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke. Mai na'urar iskar shaƙa a gida rayuwarsa a soket take. Masu wankin ƙoda sun rasa ranakunsu saboda cibiyoyi ba ruwa ba wuta. Ga waɗannan gidaje, maganin mako ɗaya a gaba da sanin inda za a nufa in wuta ta wuce sa'o'i kaɗan sun fi kwalayen gwangwani goma.

Akwai kuma wanda ba zai iya tanadin ba. Abin ya faru ana tsakiyar annobar korona, mutane da yawa ba aiki. Mai jiran albashin mako ba ya sayen abincin mako biyu ya ajiye, mai haya a ɗaki biyu a bene ba shi da inda zai jibge lita 200, ba shi kuma da iko da makunnin ruwan ginin in bututu ya fashe. Gwamnati ta sassauta wa masu karɓar tallafin abinci na SNAP, ta ba su damar sayen dafaffen abinci da katinsu, wanda a ƙa'ida ba a yarda ba, ta kuma maye musu gurbin abin da ya lalace. Wannan amincewa ce a fakaice cewa ɗanyen abinci ba shi da amfani ga wanda ba shi da abin dafawa. Ga irin wannan gida, abin da ke yiwuwa shi ne a riƙa ƙara gwangwani ɗaya ko biyu a kowace sayayya, na abin da dama ake ci, a ci tsohon a sa sabon a baya, a kuma wanke robobin lemo a cika su da ruwa a tura ƙarƙashin gado.

Bayan narkewa

Da rana ta fito ranar 20 ga wata sai wata masifar ta bayyana. Bututun da suka tsage suna daskare suka saki ruwa, rufi ya riƙa zubowa a kan gadaje. Mai gidan da ya san inda babban makunnin ruwansa yake, kuma yana da abin murɗa shi, cikin minti biyu ya tsayar da ɓarnar. Wanda bai sani ba sai jiran mai gyaran famfo, su kuma layinsu ya kai makonni, kayan gyaran ma sun ƙare a kantuna.

A watan Yunin 2021 gwamnan jihar ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa tashoshin wuta shirin sanyi, ta kuma sa kamfanonin ruwa su tanadi hanyar ci gaba da aiki in wuta ta ɗauke. A ɓangaren gida kuwa, jihar na da wani tsari tun kafin wannan sanyi: a ƙarshen watan Afrilun kowace shekara ana ɗage harajin sayayya na kwana uku a kan kayan shirin gaggawa. Cikinsu akwai janareta na ƙasa da dala 3,000, sai ƙananan kaya na ƙasa da dala 75 irin batir, tocila, rediyo, akwatin taimakon farko, na'urar gano kabon monoksayid da mabuɗin gwangwani na hannu. An sa ranar ne da guguwar teku a rai, wadda lokacinta ke kamawa ranar 1 ga Yuni. Mai sayen batir a Afrilu don hunturu sai ya ajiye su wata takwas ko tara, a wuri busasshe, ba cikin tocilar ba, ya kuma gwada su kafin Disamba.